Zaman Dirshan Saboda Katifa

A shekarun da arzikin mai ya buɗe wa 'yan arewa hanyar Ingila, ni ma jiharmu ta turo ni ƙaro karatun jinya. Da na gama sai na samu aikin bin majinyata gida-gida a Woolwich, daga ni sai jakata da kekena.

Cikinsu akwai wata tsohuwa Baturiya da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Kwanciya ta fara cin bayanta, gyambo ya buɗe a ƙugunta. Na san abin da take buƙata, katifa mai iska da ke hana fata mutuwa. Ga su can jibge a sito, amma doka ta ce nas ba ta da ikon nema sai likita ya sa hannu. Ni da ke wanke gyambon kowace safiya ban isa ba, shi da rabonsa da ganin matar tun bazara shi ne ya isa. Abin ya ci mini rai ƙwarai. A asibitin garinmu ni kaɗai ke karɓar haihuwa, ba wanda ya taɓa tambayata takarda.

Sau uku ina aika masa fom, shiru. Sakatariyarsa kullum amsarta ɗaya, wai yana sane.

Ran nan na jingine keke, na shiga asibitinsa da farin kayana, na zauna a kujerar bakin ƙofarsa. Zaman dirshan, irin wanda kakata ke yi a zauren mai unguwa in an danne mata haƙƙi. Duk sanda ya leƙo kiran majinyaci sai in gaishe shi da ladabi, in ɗaga fom ɗin. Sakatariya ta ce nan ba a haka, booking ake yi, wato a ba ka ranar ganin likita. Na ce to ta yi mini, ina nan zaune.

Wajen azahar ya fito, fuska ja wur.

"Sister, wai me kike so ne?"

"Sa hannunka kawai, likita. Sauran aikin na riga na yi."

A tsaye ya sa, ko sunan matar bai karanta ba. Bayan kwana biyu aka kawo katifar, ni kuma shugabarmu ta miƙo mini takardar gargaɗi, wai na zubar da mutuncin aiki. Na karɓa, ban ba da haƙuri ba, har yau kuma ban yi nadama ba.

Tsohuwar ta rasu da hunturu. Ni na gyara gawarta. Da na juya ta na duba ƙugun, fatar ta haɗe sumul.