Haƙorin Makkan Inna

Ina cikin aji a Gwarzo ƙanena ya kira ni daga Durun. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Yaya, Inna ta cika." Na yi salati, na ajiye alli, na fita neman mota.

Kusan shekara ta yi tana jinya. Da fari mun ɗauka mura ce. Kafar hanci ɗaya ta toshe, sai haɓo, sai idon hagu ya fara turowa. Nan dangi suka soma ƙus-ƙus, wai sammu ne, wai maƙwabciyarmu Iya Tabawa ce, don sun taɓa sa-in-sa a kan iyakar gona. Aka daina gaishe ta, aka hana jikokinta ɗiban ruwa a rijiyarmu. Inna ta yi ta faɗa cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ba wanda ya saurare ta. Ni ma, Allah ya yafe mini, na taɓa ɗauke kai da na hango matar.

A asibiti a Kano aka yi wa Inna hoton kai. Likita ya ce haƙorinta na Makka yana ɓata hoton, ya rufe daidai wurin da suke son gani. Yayanta, Kawu Sale, ya ce a bar mata shaidar Hajjinta. Ta ce masa, "Yaya, Hajjina yana wurin Allah, ba a bakina yake ba. A cire, ina so in ga mai kashe ni."

Hoto na biyu ya nuna ciwon daji a kogon hanci, irin wanda ba a cika gani ba, har ya ci ƙashi ya nufi ido. Ni na yi kuka, ita ba ta yi ba. Ranar da muka dawo ta sa na riƙe ta har gidan Iya Tabawa, ta ɗaga hoton a rana a gaban mata, ta nuna da yatsa. Ta ce, "Ga shi nan. Duk mai sauran magana ya zo ya duba."

Wasu har yau ba su yarda ba, su ta shafa. Inna ta bar wasiyya kada kowa ya yi mata wanka sai Iya Tabawa. Ita kuwa ta yi, dangi suna tsaye a tsakar gida.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Rabi, ka sa wannan ciwo ya zame mata kaffara, ka haskaka makwancinta. Ka ba Baba da mu 'ya'yanta haƙurin rashi. Ka kuma yafe mana abin da muka yi wa wadda ba ta ji ba, ba ta gani ba. Amin.