Kwamfutar Mani da Famfon Darini

Mani ɗan Darini ne, shekarun 'yan bindiga ne suka koro shi Batsari, shi da matarsa Zuwairatu da wata tsohuwar kwamfuta mai Windows XP. Da ita yake buga wa mutane takardu a bakin kasuwa. Kafin ta tashi sai ka gama gaisawa da dattijo har ka tambayi lafiyar awakinsa, amma Mani ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta.

Mahaifiyarsa ta ƙi barin Darini. Ita da sauran mata rafi suke zuwa ɗibar ruwa, ta hanyar da ake tare mutane. Abin da ya hana Mani sukuni ke nan.

Rannan sai ga Daudu, amininsa tun suna yara, ɗauke da famfo mai aiki da hasken rana. Wata ƙungiyar agaji ce ta ba Darini, dattawa suka damƙa masa. Famfon ƙirar Sin ne, ba ya tashi sai an saita shi da manhajar da ya zo da ita. Mani ya ɗora manhajar, allo ya cika da ƙananan akwatuna, babu harafi ko ɗaya.

"Rubutun Sinanci ne," in ji Mani. "Tsohuwar kwamfutar nan ba ta san shi ba, sai an ƙara mata daga faifanta na asali."

Faifan ya daɗe da ɓata, ga shi an datse layukan waya. Aka ce wani malamin makaranta a Safana yana da irinsa. Mani ya hau babur ya bi hanyar da masu hankali suka daina bi, ya bar Zuwairatu tana hawaye. Allah ya tsare, ya dawo da faifan a aljihu. Ya ɗora haruffan, ya sauya wa kwamfutar harshe, ya kashe ya kunna. Akwatunan suka zama rubutu kamar sawun kaji a laka. Ba ya iya karantawa, sai ya riƙa gwada kamanninsu da na jikin famfon, har injin ya zuƙi ruwa daga duro ya feso a tsakar gida. Mani ya yi murna kamar an yi masa haihuwa.

Daudu ya nemi aron kwamfutar, wai zai saita famfon a bakin rijiya. Zuwairatu ta ja mijinta gefe ta ce ya bi shi. Mani ya ƙi. A tarbiyyarsu, wanda kuka tashi kuna cin tuwo a kwano ɗaya ba a bin sa a baya, ba a tambayarsa ranar dawo da aro. Da hannunsa ya naɗe kwamfutar a bargo ya ɗaure ta da igiya a bayan babur ɗin Daudu.

Ranar kasuwa mahaifiyarsa ta shigo Batsari. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Inna, ruwa ya samu?"

"Wane ruwa, ɗan nan? Har yau rahi muke zuwa. Daudu ya tahi Katsina da kayan duka. An ce tuntuni ya samu mai saye, mutumin ne ya ƙi amsa, wai sai ya ga yana aiki."

Ashe don mai sayen ne Mani ya jefa ransa a hanyar Safana.

Yanzu gyaran waya yake yi a rumfar wani, ba ya kuma ambaton Daudu. Rashin kwamfutar ya daina damunsa. Abin da yake ci masa rai har gobe shi ne yadda ya ja igiyar nan ya ƙulle tamau, don kada kayan su faɗi a hanya.