Kuyya Uku na Ladan Manzo

Shekara talatin da ɗaya Manzo ya yi yana kiran salla a masallacin unguwarmu a Kalfu. Da hannuna na rubuta wannan, ni da na koyi karatun boko bayan furfura ta fito, domin kada waɗanda suka tsige shi su zama su kaɗai ke ba da labarinsa.

Gidansu akwai wata al'ada. Idan an yi girbi, sai a bar kuyya uku, wato kunyoyin gona na bakin hanya, da hatsinsu, mai wucewa ya karya ya ci. Haka kakansa ya yi, mutumin da har ya mutu goshinsa bai taɓa ƙasa ba.

A shekarar tamanin da huɗu, da aka yi fari, gonar ba ta ba da dami goma ba, amma Manzo ya bar kuyyoyin. Sabon limaminmu, Malam Attahiru, ya tare shi a ƙofar masallaci, gaban jama'a.

"Baba Manzo, wannan rabon iskoki ne, gadon arna. Zakka Allah ya ce, kuma hatsinka bai kai nisabi ba. Ko ka yanke su, ko ka bar kiran salla."

Mushe Tanko, malamin lakkol, wato makarantar boko (Mushe muke ce wa malamanta), yana wucewa, ya yi dariya ya ce, "Ayya Malam, ai zakkar ma daga irin wannan aka kwaso ta. Arna sun riga littafi."

Mutum biyu da tafin hannunsu bai san kanta ba! A cikinsu babu wanda ya tambayi wa ke cin hatsin.

Manzo ya dubi Mushe ya ce, "Ɗana, wa ya zuba tausayi a cikin kakana, in ba wanda ya saukar da littafin ba?" Ya juya ga limami. "Kai kuwa Malam, taho mu je ka ga iskokin."

Limami bai je ba. Ni na je. Na tarar da Lalla, wata mata daga arewa wadda dabbobinta suka ƙare, tana murza zangarniya a tafi tana ba 'ya'yanta mata biyu.

Manzo bai yanke ba. Da azahar ta yi, wata murya muka ji tana kiran salla. Manzo ya shigo ya tsaya a sahun ƙarshe, kuma nan ya yi salla har ya rasu bayan shekara uku. Mu dattawa goma sha ɗaya muna wurin ranar, har da ni, ba wanda ya buɗe baki.