Layi Uku a Bangon Gabas

Mahaifina, Mainasara, mai yaɓe ne a Omdurman ta ƙasar Sudan. Yaɓen ma ba na siminti ba, na zibala: a kwaɓa kashin jakuna da na awaki da ƙasa, a bar shi a rami ya ruɓa, sannan a shafe bango da shi kafin damina. Warin kuwa sai wanda ya ji. Ina yarinya, in an tambaye ni sana'ar babana a makaranta, sai in ce yana da shago a kasuwar Suk al-Shabi. Har yau kunyar wannan ƙaryar ba ta sake ni ba.

A yankin Jazira aka haife shi, cikin ma'aikatan gonakin auduga, kuma a can injin gurza ya cinye masa yatsan tsakiya na hannun dama. Shi ya sa aikinsa ba ya ɓuya. Kowane mai yaɓe in ya ja hannu a bango layi huɗu yake bari, shi kuwa uku.

Akwai wani tsohon gida kusa da kogi, na wani amir ne tun zamanin Mahadi, mai kaurin bango da ƙofofin katako masu nauyin tsiya. Shekara ashirin Baba ke shafe shi. Yana ji da gidan nan fiye da namu, wanda kullum sai Inna Barira, mahaifiyarmu, ta yi masa mita kafin ya toshe yoyonsa.

A zamanin soja, wata shekara kafin damina, aka ce za a gyara gidan saboda manyan baƙi. Ɗan kwangila ya turo wani matashin injiniya, Rashid, mai farar riga da takalmi mai sheƙi. Yana shiga ya toshe hanci, ya ce a cike ramin zibalar nan, siminti za a sa. Baba ya yi masa bayani a tsanake cewa bangon ƙasa numfashi yake yi, in an rufe shi da siminti danshi zai taru a ciki ya cinye shi. Leburori suka kwashe da dariya.

Ran Baba ya ɓaci. Ya ce, "Ya muhandis," wato injiniya, "bar mini bangon gabas, shi ruwa ya fi duka. In ya zube, wallahi na bar yaɓe har abada."

Rashid ya ce halas, ya yarda, mai yiwuwa don ya rabu da tsohon. Da labari ya iso gida, Inna ta yi ta faɗa: mutum ya rantse a kan sana'ar da ba shi da wata, da 'ya'ya shida a gabansa! Baba shi kaɗai ya shafe bangon, kwana tara, leburori na ta tsokanarsa.

A watan Agusta ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwana uku yana ɗaukewa yana dawowa. Baba ko shayi bai iya sha ba. Da gari ya washe ya fita, na bi shi cikin taɓo.

Simintin ya ɓamɓaro falle-falle, ya tafi da naman bangon kudu da na yamma, sun zube a ƙasa tuli-tuli. Bangon gabas kuwa yana nan ƙyam, ya jiƙe sharkaf, amma ko tsagewa bai yi ba. Na zaci Baba zai yi murna. Sai na ga ya durƙusa yana tattara tsohuwar ƙasar da ta zube, idonsa ya kawo ruwa.

Rashid ya daɗe tsaye a bayansa, takalmin nan duk ya ɓaci. Can ya ce, "Ya usta," wato gwanin sana'a, "kwana nawa ake barin zibalar a rami?"

"Bakwai," in ji Baba. "Gobe ka zo da tsohuwar riga."

Ya kuwa zo.

Baba ya rasu bayan shekara huɗu. Yanzu in ɗaliban da ke zuwa karatu daga Najeriya da Nijar sun ziyarce mu, ni nake kai su gidan amir. Ba na fara da ƙofofi ko ɗakin baƙi. Bangon gabas nake kai su, can sama ƙarƙashin indararo, inda yaɓen da aka yi daga baya bai rufe ba. In sun ƙirga layukan sun ce uku, sai in ɗaga murya yadda kowa zai ji, in ce aikin babana ne, mai zibala.