Hannun Da Inna Ta Damƙa Mini

A lokacin da abin nan ya faru, ni saurayi ne mai ji da kai a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi kusa da Abu Hujar. Ba ni da sana'a sai noman dawa da yawan baki. Ƙanena kuwa, ɗan baffana, shiru-shiru ne, amma Allah Ya ba shi hannu. In babur ɗin ban-ruwa ya tsaya, wato injin da ke jawo ruwa daga kogi zuwa gonaki, shi ake aikowa nema har daga ƙauyukan maƙwabta. Kunne kawai zai kasa ya gaya maka inda ciwon yake. Da noma ya ƙi mu shekara biyu a jere, muka yanke shawarar shiga soja tare. Ranar tafiya, mahaifiyarsa da nake kira Inna ta kama hannunsa na dama ta sa cikin nawa a gaban mutanen gida, ta ce amana ce, duk inda aka kai mu kada in bari ya yi nisa da idona. Na amsa da ƙarfi, ina jin daɗi an san girmana.

A Damazin, da muka gama horon farko, aka tara mu a fili za a raba mu sassa. Wani zabit, wato hafsan soja, ya tambayi wa ya san inji, 'yan garinmu suka nuna ƙanena. Aka kai shi gaban wata mota da ta kwana uku ta ƙi tashi, kafin zabit ɗin ya shanye shayinsa sai ga ta tana ruri. Nan take ya ce za a tura shi koyon kanikanci, daga nan warsha inda ake gyaran motocin soja, da takardar shaida da zai ci abinci da ita ko bayan ya ajiye kaki. Ni da ban iya komai ba aka rubuta ni cikin sojan ƙasa masu tafiya bakin daga. Ya zo wurina fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Ni kuwa sai na haɗe rai, na ja shi gefe, na tuna masa maganar Inna da Hausa don kada zabit ɗin ya gane, tunda ba ya jin Hausa. Na ce ina zan sa fuskata in aka raba mu. Yau ina faɗa ba ɓoye-ɓoye, ba amana kaɗai ke cina ba, har da hassada. A wurinmu ƙane ba ya ja da yayansa. Ya sunkuyar da kai ya ce to, ya koma ya ce shi ma sojan ƙasa yake so. Sau uku zabit ɗin ya tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

Ba mu cika shekara ba abin ya auku. Da rana tsaka motarmu ta mutu a kan hanya, wurin da ba a tsayawa saboda harin abokan gaba. Ni da bakina na ce ya sauka ya duba, tunda shi ya iya. Yana cikin aiki sai na ji ƙarar fashewar bom, ƙasa ta girgiza, ƙura ta rufe ko'ina. Da na isa gare shi, innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hannun daman nan babu shi daga gwiwar hannu. Da ya farfaɗo a asibiti, abin da ya fara tambaya shi ne ko ni na ji rauni.

Amma abin da ya fi gigita ni yana gida. Na shiga ina jiran tsinuwa, sai Inna ta rungume ni tana kuka tana sa mini albarka, wai na riƙe amana, na dawo mata da ɗanta da rai. Ashe bai taɓa gaya mata zancen warsha ba, kuma har yau bai faɗa ba. Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Duk ranar Juma'a sai ta aiko mini da tuwo, ina karɓa cikin kunya.

Abin da na koya shi ne, riƙon amana ba ɗaure mutum a ƙugunka ba ne. Ku da ake ba ƙanne a hannu, in Allah Ya buɗe wa na bayanku ƙofa, ku sake shi ya shiga, ko da ku kuna waje. Ku kuma samari masu shirin shiga soja, ranar zaɓen sashe ba ranar kunya ba ce, kowa ya faɗi abin da ya iya ya tsaya a kansa. Yanzu in babur ɗin ban-ruwa ya tsaya a ƙauyenmu, mu biyu ake kira. Ya tsuguna ya kasa kunne, ya ce Yaya, kwance wancan, ɗaure wannan, ni kuma in yi masa da hannuna.