Ɗahiru Baduku da Takalman Fanta

Ɗahiru baduku ne a Zermu, mutum mai jin kansa da sana'a. Takalminsa fata uku yake haɗawa a ƙasa, ka taka ƙaya ba ka sani ba.

'Yarsa Fanta ta kai shekara bakwai ba ta ce uffan ba. Ba ta kallon idon mutum. Yau lokotoro a asibiti zai ce galahanga ce. A lokacin cewa ake ta tafi da hankalinta wani wuri mai nisa. Takan tsaya a tsakar gida, ta nutsa yatsun ƙafa cikin yashi, ta lumshe ido tana ɗan rangaji, har inuwa ta juya.

Da farin shekarar saba'in da uku ya kori mutane, suka kamo hanyar Damagaram a ƙasa. Sama fari fat, gonaki shiru. A zangon farko Ɗahiru ya ɗaga ƙafar yarinyar, ya ga tafin duk ya yi bororo. Ko kuka ba ta yi ba. Abin ya soke shi har zuci.

Nan take ya ɗinka mata takalmi irin nasa mai kauri. Tana miƙewa sai tangaɗi, sai ƙasa. Ya tayar da ita, ta sake zubewa. Ga sauran tafiya, ga shi babu mai ƙarfin goya ta.

"Haba Malam," in ji matarsa Ladi, "ka raba ta da ƙasa, da me za ta tsaya? Yarinyar nan da ƙafa take ji."

Kai, ran baduku ya sosu! Amma ya zauna, ya ɗauki fatar akuya, ya yi ta kankarewa har ana ganin hasken rana ta cikinta. Ya ɗaura mata. Fanta ta motsa yatsu, ta lalubo tsakuwa, ta tsaya cak. Da ƙafarta ta shiga birni.

Dukawan unguwar Kara-Kara sun sha dariya: wannan takalmi ne ko ganyen albasa? Kwana uku yake yi ya huje. Ɗahiru kuwa, bayan kwana uku ya kankare wani. Haka ya yi shekara talatin.

Ranar da ya rasu, Ladi ta shiga share rumfarsa. A bayan tabarma ta tarar da buhu huɗu cike da takalman nan marasa kauri, duk awon Fanta. Ashe tun da ciwo ya kama shi yake ɗinka mata na bayansa.