Zangon da Ba Mu Ƙarasa da Baba Gado Ba

Har gobe ba zan manta da safiyar Litinin ɗin da Lami ta shigo harabar ofishinmu a Yauri ba. Ina tsugune a gindin dalbejiya ina yanka igiya, domin a makon za mu koma ruwa. Lami 'yar Baba Gado ce, matuƙin kwalekwalen da muke aiki tare, tana sayar da bandar kifi a kasuwa. Ba ta taɓa tako ofis ba sai ranar. Ta yi sallama, ta durƙusa daga nesa, ta ce, "Malam Umaru, Baba ya cika. Jiya bayan azahar. Da la'asar anka kai shi."

Na yi salati, na ce Allah ya jiƙansa. Na tambaye ta ko ya daɗe a kwance, ta ce kwana huɗu ne, ciwon ƙirji. Bayan ta tafi na shiga ofis na zauna, na fito, na sake komawa. Daga baya na tsinci kaina a bakin ruwa a tsaye, ban san abin da ya kai ni ba. Na rubuta wannan ne saboda ku da kuka zo aikin daga baya, don ku ji daga bakina yadda abin ya kasance.

A lokacin ni ƙaramin jami'i ne a sashen kula da hanyoyin ruwa, ƙarƙashin shugaban sashe, Alhaji Bawa. An ba mu aikin fitar da hanyar kwalekwale ga baƙi masu son su yi tuƙi da hannunsu su ga gari, daga wajen Shanga a gangaro Yauri, a shiga tafkin Kainji, a sauka Warra. Wanda bai san wurin ba zai ce ai ruwa duk hanya ne. Ba haka ba ne. Lokacin da aka datse kogin, ruwa ya rufe gonaki da garuruwa da itatuwansu a tsaye. Har yau suna nan a ƙasa, musamman ƙirya, wadda ba ta ruɓewa. Kututture ɗaya ya isa ya tsaga jirgi, kuma jiragen 'yan kasuwa ma ta nan suke bi.

Tsarin aikin mataki uku ne. A bi hanyar a gano inda kututtura suke. A ɗauki lambar kowane wuri da na'urar hannu. Sannan a ɗaura alama, wato jarka mai launin ruwan ɗorawa da igiya da dutse. Ba a yinsa sai lokacin da tafki ya janye sosai, kafin farin ruwa ya sauko, wato ambaliyar damina. Da ya sauko, kututtura sun nutse, sai a jira wata shekarar. Makonni kaɗan ke gare mu.

Sarkin Ruwa ne ya haɗa ni da Baba Gado. Bagunge ne, wato ɗan ƙabilar tsibiran kogin, dattijo siriri, gashin kansa duk ya yi fari, a tsibiri aka haife shi kafin ruwa ya ci garinsu. Ranar farko da ya ga na'urata ya juya ta a hannu, ya ce, "Wagga ita za ta hwaɗa muna inda icce yake?"

Na ce a'a, shi zai faɗa, ita kuma ta riƙe.

Ya ce, "To, ashe almajira ce. Ka ce ta zamna da kyau, kar ta kihe muna jirgi." Tun daga ranar yake kirana Ɗan Ohis.

Zango biyu na farko mun yi su da filafili da gora a kwalekwalensa. Ni a gaba da rigar kariya da littafi, shi a baya. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa ganin ƙasarmu da kyau irin na kwanakin ba. Da sassafe ruwan kamar an shafe shi, balbelu sun yi layi a kan ciyawar burugu, mata na wanki a bakin tsibirai, Sarkawa na jan taru suna ɗaga mana hannu. Sau ɗaya muka ga dorina ta ɗago kunnuwa, Baba ya karkata jirgi ba tare da ya katse labarin da yake ba ni ba. Amma ni raina ba a kwance yake ba. Kullum ina duba agogo, ina duba sama ta gabas ko hadari ya haɗo. Shi kuwa ba ya sauri. Yadda yake gane hanya shi ne da abubuwan da ke tudu. Sai ya ce, "Ka ga kukar can? In ta shige bayan dutse mai tsaga, ka karya hagu. In ka bari giginya ta bayyana, ka makara." Daga cikin kwalekwale kawai ake ganin waɗannan alamu yadda suke, kuma sai ana tafiya a hankali.

Zango na uku shi ne daga wani tsibiri da masunta ke kira Gungun Ƙirya zuwa Warra. Nan ne kututtura suka fi yawa, kuma nan ne tsohon garinsu Baba yake a ƙarƙashin ruwa, da kaburburan iyayensa. Da muka zauna tsara tafiyar, ya ce kwana uku za mu yi. Na tambayi dalili. Ya bayyana mini cewa su mutanen garin, in sun zo kansa, ba sa magana, ba sa buga ruwa da ƙarfi. Sallama suke yi, su yi wa mamata addu'a a zuci, su wuce. Saboda haka ranar farko zai bi da ni shiru, ni kuma in zuba ido, in mun fita gaɓa ya zana mini komai a kan yashi. Rana ta biyu mu koma, duk inda akwai icce ya ƙwanƙwasa gefen jirgi sau ɗaya, ni in ɗauki lamba. Rana ta uku mu ɗaura alamu.

Na kai wa Alhaji Bawa jadawalin. Ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Kwana uku, a zangon da inji ke yi kafin azahar? Baƙi na tafe ƙarshen wata, rahoto ake jira. Me zai ci kwana uku?"

Nan ne na yi kuskurena. Na ji nauyin in ce masa dattijon ba ya magana a kan kabarin iyayensa. Na ga kamar ba zance ne da ake kawowa ofis ba, kar a ce jami'in gwamnati ya koma bin camfi. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, tuƙin hannu ne ke cin lokaci."

Ya ce, "To a ɗauki jirgin inji. Gobe."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Alhaji Bawa mutum ne mai sauraro. Da na faɗa masa gaskiya, na yi imani da ya bar mu. Ni ne ban faɗa ba.

Da na je wa Baba da maganar, ya ci gaba da kankare filafilinsa da wuƙa. Can ya ce, "Ɗan Ohis, ka gaya mishi abin da nic ce?"

Na ce na yi masa bayani. Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Ya ce, "Allah shi kai mu."

Washegari muka tashi da hantsi, mu uku: ni, da Baba, da direban jirgin ofis, Haruna, magidanci ɗan Yelwa wanda ya iya inji amma bai saba da wannan ɓangaren ba. Baba ya shigo da filafilinsa. Haruna ya yi dariya ya ce, "Baba, yau hutu gare ka, mai ne zai yi tuƙi." Baba ya ce, "Hutun na gode. Amma shi wanga ba shi son a bar shi gida."

Har Gungun Ƙirya lafiya lau, Baba na nuna hanya da baki. Da muka wuce tsibirin sai na ga ya gyara rawani, leɓensa ya motsa, ya yi shiru. Daga nan sai nuni da hannu. Inji na ruri, tudu na wucewa da sauri, kafin in gane wace bishiya yake kallo mun bar ta a baya. Na riƙa ɗaga murya: "Baba, nan akwai? Baba, hagu ko dama?" Bai amsa ba. Ya ɗaga tafin hannu alamar a rage gudu. Haruna ya dube ni, ni kuma na dubi agogo, ban ce a rage ba.

Ba mu yi nisa ba muka ji ƙara daga ƙasa, jirgi ya yi tsalle, na kife a kan gwiwa. Farfela ta karye, katakon baya ya tsage, ruwa ya fara shigowa. Haruna na salati da ƙarfi. Ko'ina na duba sai na ga kawunan itatuwa baƙaƙe dab da fuskar ruwa, waɗanda ban lura da su ba muna gudu. Baba ya tashi ba gaggawa, ya cusa rawaninsa a tsagar, ya miƙo mini kwano, ya miƙa wa Haruna wani, ya nuna mana ruwan. Ya koma baya ya sa filafili.

Ya fi awa uku yana tuƙa wannan jirgi mai nauyi shi kaɗai, a cikin dajin kututtura, bai taɓa ko ɗaya ba. Jirgin na karkata hagu, ya miƙe, ya koma dama, kamar mai bin lungunan unguwarsu. To ai unguwarsu ce. Hanyar da aka aiko ni in rubuta ke nan, daga farkonta har ƙarshe, ana bin ta da ni a ciki. Ni kuwa kaina na sunkuye ina kwarfar ruwa, na'ura na cikin jaka. Ko lamba ɗaya ban ɗauka ba.

Da muka taɓa gaɓar Warra ya ajiye filafili. Ya sha ruwa, ya yi alwala, ya rama azahar. Ina jiran faɗa, bai yi ba. Abin da ya ce shi ne, "Ka gani?"

Na ce, "Baba, ban ga komi ba. Kwarfa nake."

Ya yi 'yar dariya. "To ai ka yi aiki. In ruwa ya sake janyewa ka zo, mu tahi da nawa jirgin. Kwana ukku."

Kwana biyu bayan haka aka yi ruwan sama mai yawa a arewa, farin ruwa ya fara sauka. A rahotona na rubuta cewa zango na uku bai kammala ba, kuma laifin lalacewar jirgi nawa ne, ba na direba ba. Na samu takardar gargaɗi, na sa hannu. Baƙi suka zo, aka kai su daga Shanga zuwa Yauri, suka yi hotuna suka tafi suna yabawa.

Abin da ya fi damuna ba hatsarin ba ne. Watannin da suka biyo baya ne. Baba na tudu, ni ina tudu, tsakaninmu tafiyar babur ce. Zanen yashin da ya yi mini alkawari ba ya bukatar ruwa ya janye. Sau biyu ya aiko Lami ta tare ni a kasuwa: "Baba ya ce ka zo ku zamna, ka taho da littahinka." Na farko na ce muna aikin ƙididdigar jirage. Na biyu na ce bayan salla. Gaskiyar ita ce kunyarsa nake ji, saboda ya san ban faɗa wa shugabana abin da ya ce ba. Na yi ta cewa a raina, in mun shiga kwalekwale zan ba shi haƙuri a can.

Ranar sadakar uku na je gaisuwa. Matarsa, da kowa ke kira Inna, ta sa aka shigar da ni. Ta ce, "Kai ne Ɗan Ohis? Ran da ciwo ya kama shi ma sai da ya tura a dubo mishi ruwa, ya ce ya kusa isa yadda kuke so." Na ce Allah ya gafarta masa.

Na zauna da masuntan da suka zo zaman makoki, na tambaye su hanyar. Kowa ya san inda yake zuba komarsa ta kamun kifi, wani ya san mashigar zangon, wani ya san kusa da Warra. Da na ce wa zai iya bi da ni daga farko har ƙarshe, sai suka dubi juna. Wani dattijo ya ce, "Mu an haihe mu bayan ruwa. Shi da ƙahwa ya taka wurin."

A makon na sami Alhaji Bawa na faɗa masa abin da na ɓoye. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Umaru, da ka gaya mini." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ga abin da nake so ku riƙe. In an haɗa ku da mutumin ruwa ya ce aiki kwana uku ne, ku rubuta kwana uku, ku rubuta dalilinsa yadda ya faɗa, ko da kuna ganin ba zancen ofis ba ne. Na sama ne zai yanke hukunci, amma ku kai masa maganar cikakkiya. In kuma dattijo ya aiko ku zo da littafi, ku je a ranar.

Sau biyu ruwa ya janye tun rasuwarsa. Na shiga da masunta daban-daban, da filafili, shiru, muna haɗa abin da kowa ya sani. Mun samu mashigar da ɗan abin da ke gabanta. Daga nan zuwa Warra har yau ba mu ɗaura alama ko ɗaya ba.